Ginin da aka bari ya yi tsatsa

Ana yayyafi ranar Lahadin da na fara zuwa Hackney Marshes, a gabashin Landan. Fadama ce a bakin kogin Lea, wadda aka cike da ɓaraguzan gidajen da bama-bamai suka rushe a Yaƙin Duniya na Biyu, ciyawa ta rufe su. Yanzu filayen ƙwallo ne birjik, sun haura 70. Amma gidan da 'yan wasa ke sauya kaya, sai da na zo dab da shi na gane gini ne.

Kamfanin Stanton Williams ne ya zana shi, aka gama a 2011. An lulluɓe shi da wani ƙarfe da ake barin sa ya yi tsatsa, tsatsar ta zame masa fenti, launinta ya saje da itatuwa. Wani sashe na bangon kuwa duwatsu ne aka zuba cikin ragar waya. Da a Kano ne, cewa za a yi mai ginin ya karye. Ɗakunan wanka da na sauya kaya suna ƙasa, domin mai taɓo a takalmi ba ya hawa bene. Sama kuma wurin shan shayi ne da baranda, inda iyaye ke hango 'ya'yansu. A Regent's Park na Landan ma, tun 2005 aka cusa ɗakunan cikin tudu, rumfar gilashi kawai ke leƙowa.

A filin unguwarmu, gindin darbejiya ne ke wannan aiki. Nan ake tuɓe riga, a jingine babur, nan mai rake da mai fiya wata ke zama, nan ake musun bugun fanareti har a kira magariba. Ban raina ta ba. Bature ruwa da sanyi yake gudu, dole ya nemi rufi, mu kuwa inuwa muke nema, kuma itace ya fi kwano iya ta.

Abin da ke ba ni haushi shi ne ranar da kuɗi suka samu. Katanga ake fara zagayawa, a sa ƙofa da maigadi, a sare itacen don a kafa rumfar manyan baƙi. Famfo, banɗaki, wurin alwala, sai an tuna. A Hackney kuwa, na tsaya a barandar nan riƙe da kofin shayi ina dube-dube, ban ga katanga ba. Wata tsohuwa ma ta ratsa bayan raga da karenta, gola ya ɗaga mata hannu.