Daga Zaren Kaset Zuwa Memori

Waɗanda suka yi wayo kafin wayar salula ta shigo a 2001 za su tuna cewa a mota waƙa take zuwa mana Yankwashi. Daga Ƙofar Wambai ta Kano take tasowa cikin kwali, ta biyo hanyar Daura ta sauka Kazaure, sannan mai kaset ya ɗaure ta a bayan keke ya bi kasuwanni da ita, yau Babura, jibi Roni ko Gwiwa, rikodarsa na tashi tun kafin a hango shi. Mutum ɗaya zai sayi kaset ɗin Shata, ko na Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa, amma unguwa ce za ta ji, don bayan isha'i ake shimfiɗa tabarma a ƙofar gida a kewaye rikoda, a saurara har batir ya yi sanyi murya ta fara ja. In zare ya tsinke, a manne shi da ƙaro a ci gaba.

Yau yaro yana zaune kusa da kai, abin ji a kunne, ba ka san me yake ji ba.

Ku yara, ku sani Shata bai dogara da cinikin kaset ba; iyayen gida da bukukuwa ne suka riƙe shi har ya rasu a 1999. Sai zamanin fiyano da waƙoƙin fim, lokacin da ake sakin kaset ɗin waƙa kafin fim ya fito, kasuwa ta fara ciyar da mawaƙi. Ba ta daɗe ba. Faifan CD ya zo da masu satar fasaha, memori ya biyo baya, mai shagon caji ya cika maka shi da waƙoƙi da kuɗi kaɗan, mai waƙar ko sisi bai gani ba. Wannan ya yi mini ciwo, don na san gumin da ake yi a situdiyo.

Mawaƙa suka koma YouTube da Audiomack, suna bayar da waƙa kyauta don suna ya fita. “Jaruma” ta Hamisu Breaker ta game gidaje a 2020, lokacin kullen korona, ba tare da ta hau keken kowa ba. Kuɗin kuwa suna wurin biki da 'yan siyasa, wato an sake komawa gun ubangida. A ƙauyukanmu, inda data ke da tsada, har yanzu da manhajar Xender ake tura waƙa.

Rikodar gidanmu tana nan a kan sif, kaza ta taɓa yin ƙwai a bayanta.