Dabbar da ke atishawa kamar mutum

1/ Da aka raba mana taken semina, ni aka ba ni nazarin mura a jikin wata dabba wai ita feret. 'Yan ajinmu suka yi ta min dariya. Ni ma na ji haushi wallahi, zazzaɓin Lassa na so. Yau sati uku ina karatu a kanta, bari in ba ku labari.

2/ Feret 'yar dabba ce siririya, dangin bodari. Murar da ake nazari da ita ba ta sanyi ba ce, infuluwenza ce, mai kwantar da mutum da zazzaɓi, har takan kashe tsofaffi da ƙananan yara.

3/ A 1933, a Mill Hill da ke Landan, Wilson Smith, Christopher Andrewes da Patrick Laidlaw suka ɗiga ruwan kurkurar maƙogwaron masu mura a hancin feret. Ta kamu. Ta haka aka fara gano ƙwayar cutar murar mutum.

4/ Za ku ce me ya hana a yi da ɓera? Ɓera ba ya zazzaɓi da ita, kuma galibi sai an sauya ƙwayar kafin ta kama shi sosai. Feret kuwa zazzaɓi, majina, atishawa, har ta shafa wa ta kejin kusa ta iska. Wurin da ƙwayar ke maƙalewa a hancinta irin namu ne.

5/ Sau biyu a shekara, Fabrairu da Satumba, Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar ƙwayoyin da za a sa a rigakafin mura. Ruwan jinin feret da ta warke na cikin abin da ake auna ko ƙwayar ta sauya kama.

6/ To ga matsalar. Don ka ga waɗanne ƙwayoyin garkuwar jiki ne suka yi yaƙin, sai ka yi musu alama da sinadaran antibodi. Na ɓera sun cika kasuwa, oda kawai za ka yi. Na feret kaɗan ne. Sau da yawa na mutum ko na kare ake ara, a gwada ko zai kama.

7/ Kamar bakanike ne da mota mai kyau a gabansa, amma babu sifana daidai notinta. Kana ganin dabbar ta kamu, ta warke, amma sanin abin da ya warkar da ita ya yi wuya.

8/ Ana samun ci gaba. A 2014 aka wallafa taswirar ƙwayoyin halittar feret, abin da ya sauƙaƙa haɗa sinadaran da aka yi dominta.

9/ Wani giɓin kuma: feret ɗin lab ba ta taɓa yin mura ba, mu kuwa tun muna yara muke yi, jikinmu na tunawa. Shi ya sa wasu ke sa mata ƙwaya ɗaya, ta warke, sannan a sa wata.

10/ Abin ya shafe mu fa. A 2006 aka fara tabbatar da murar tsuntsaye ta H5N1 a Afirka, a wata gonar kaji a Jaji, jihar Kaduna. Kawuna ya rasa kajinsa a lokacin, har yau bai koma kiwon ba. In ana son sanin ko irin wannan ƙwaya za ta iya yaɗuwa ta iska tsakanin mutane, a kejin feret ake fara gwadawa.

11/ Mu nan, sau nawa muka shiga lab babu sinadari, muka kwafi sakamako daga allo? Na ɗauka namu ne kaɗai. Ashe manyan lab ma sukan tsaya cak saboda 'yar kwalba ɗaya da ba a riga an haɗa ba.

12/ Da burina in gano sabuwar cuta, sunana ya shiga littafi. Yanzu ina tunanin masu haɗa waɗannan kwalabe, da ba wanda ya san su. Gobe ƙarfe goma zan gabatar, ku sa ni a addu'a.