Ranar da Mai Gadin Kwamfutarmu Ya Ƙi Tashi



Duk wanda ya zo gaban allon nan makon jiya ya tarar da tsohon kwali, har ƙurar hunturu ta rufe rubutunsa. Mun ji wasu suna cewa 'yan jarida sun gaji. Ba gajiya ba ce. Laifi muka yi, kuma mun yanke shawarar mu faɗa da bakinmu kafin ku ji a bakin wasu.

Kun san kwamfutar nan ta tafi-da-gidanka guda ɗaya da ke ofishin malamai. A cikinta muke rubuta labaran wannan mujalla bayan an tashi. A cikinta kuma Malamin Kwamfuta yake shigar da makin gwaji na 'yan aji ɗaya har zuwa aji uku. Tun da ba mu da injin buga takarda, sai mu zuba labaran a filash, yayan ɗaya daga cikinmu ya tafi da shi Kazaure ya bugo mana. Ranar da Malam zai fara ba mu aronta ya kafa mana sharaɗi biyu. Kada mu sa mata wata manhaja, kuma idan filash ya dawo daga Kazaure kada mu soka shi sai ya duba. Muka ce to, Malam. Duka biyun mun karya.

Na farko mun karya shi ne da kyakkyawar niyya. Wani ɗan ƙungiyarmu ya samo manhajar kashe bairas a shagon masu tura fina-finai a waya, aka ce masa kyauta ce kuma tana da ƙarfi. Muka ce ai masu gadi biyu sun fi ɗaya, muka sa ta ba tare da mun gaya wa kowa ba. Ta yi kwanaki tana fito da wani saƙo da Turanci, mu kuma muna rufe shi ba mu karanta ba.

Na biyu kuwa gaggawa ce ta ja mana. Filash ya dawo ranar da Malam ya je taro, muna son gyara wani labari, sai muka soka shi. Da muka buɗe, sai muka ga duk foldodinmu sun canza kama, kowace da wata 'yar kibiya a gefenta. Muka danna ɗaya, ba ta buɗe ba. Muka danna ta biyu da ta uku. Daga nan kwamfuta ta fara nauyi kamar jakin da aka yi wa lodin hatsi.

A lokacin ne muka tuna da darasin da aka yi mana a aji, cewa Windows tana zuwa da mai gadinta a cikinta, wanda aka fi sani da tsohon sunansa Windows Defender. Alamarsa wata ƙaramar garkuwa ce a ƙasa, kusa da agogo. Muka duba, sai ga jan tambari a jikin garkuwar. Muka shiga, muka nemo maɓallin kunna kariya, muka danna. Ko motsi bai yi ba. Muka kashe kwamfutar muka sake kunnawa har sau huɗu, shiru. Ɓarawo yana cikin gida, mai gadi ya ƙi tashi.

Kwana uku muka yi muna ɓoye maganar. Idan Malam ya wuce mu, sai kowa ya sunkuyar da kai. A rana ta uku muka taru a gindin darbejiya bayan aji muna gardama. Wasu suka ce mu yi shiru, ai ba wanda ya gan mu. Wani ya ce a kai ta shago a yi mata fomatin, sai aka tuna masa cewa fomatin yana share komai, har da makin ɗalibai sama da ɗari biyu, ga jarrabawar ƙarshen zango saura mako biyu. Ƙaramar cikinmu, 'yar aji ɗaya, ita ce ta kashe gardamar. Ta ce: “Ni dai na ci sha takwas cikin ashirin a lissafi, kuma ban taɓa cin haka ba. In ba za ku faɗa ba, ni zan faɗa.” Ba wanda ya iya ba ta amsa. Muka bi bayanta zuwa ofis.

Mun zaci bulala ce za ta fara magana. Malam ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce: “Me kuka sa mata, kuma yaushe? Kada ku rage komai.” Da muka ambaci filash kawai, sai ya ce mu ƙara tunani. Da ƙyar muka fito da maganar manhajar shago. Ya ce to yanzu ne aka zo wurin, domin ko a asibiti, wanda ya ɓoye abin da ya sha shi ne yake wahalar da likita.

Kafin ya taɓa komai, sai ya buɗe fayil ɗin maki, ya miƙo mana littafi da biro. Ya ce ba zai kwafa a wani filash ba, kada cutar ta bi shi. Mu shida muka zauna, ɗaya yana karantawa ɗaya yana rubutawa, har aka kira la'asar. Hannunmu ya yi tsami, amma a ranar muka san nauyin abin da muka yi wasa da shi.

Washegari ya tara mu ya ce mu kalli yadda ake gyaran. Ya bayyana mana cewa tun daga Windows 8, wadda kamfanin Microsoft ya fitar a 2012, mai gadin nan cikakken maganin bairas ne, ba ya buƙatar mataimaki. An kuma tsara shi ne ta yadda idan aka sa wata manhajar kashe bairas, sai ya ja gefe ya bar mata aikin, don kada su riƙa karo da juna. Idan baƙuwar ta daina aiki, ya kamata ya dawo da kansa, amma wani lokaci ragowarta takan tare masa hanya. Abin da ya same mu ke nan. Manhajar da muka sa ta gwaji ce, kwanakinta sun ƙare, saƙon da muke ta rufewa ma abin da yake gaya mana ke nan. Ita ba ta gadi, shi kuma ba ta ba shi wuri ba. Ashe tun kafin filash ya dawo daga Kazaure ƙofar a buɗe take, kuma mu ne muka sallami mai gadin da hannunmu.

Malam ya shiga setin, ya nemo jerin manhajoji, ya cire baƙuwar gaba ɗaya, ya kashe kwamfutar ya sake kunnawa. Wannan karon da ya danna maɓallin, sai ya kunnu. Muka fara tafi, ya ce mu dakata. Mai gadin ya tashi, amma bai san fuskokin sababbin ɓarayi ba, sai an sabunta shi ta intanet. Ya buɗe mana data daga wayarsa, sabuntawa ta ƙi tafiya. Sai ya nuna mana kwanan watan da ke ƙasan agogo, ya koma baya da shekaru. Akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo a cikin kwamfuta wanda yake riƙe lokaci, namu ya mutu, kuma idan kwanan wata ba daidai ba ne sabuntawa takan ƙi. Da ya gyara, sai ta fara tafiya a hankali, mu kuma muna ta kallon datar Malam tana ƙarewa saboda mu.

Bayan nan ya zaɓi wani irin bincike da kwamfuta take kashe kanta ta yi shi kafin Windows ta gama tashi, don bairas bai samu damar ɓuya ba. Ya ɗauki kamar minti 15. Da ta dawo, ta nuna abin da ta kama ta kuma cire. Jan tambari ya koma kore. Fayil ɗin maki yana nan lafiya, muka gwada shi da littafinmu, ba abin da ya canza. Labaranmu na filash ma ba su ɓace ba. Irin wannan bairas ɗin ɓoye foldodi yake yi, ya ajiye na bogi masu kibiya, duk wanda ya danna ya ƙara kunna shi. Malam ya binciki filash ɗin, ya rubuta wani gajeren umarni, sai ga su sun fito.

Ya kuma gargaɗe mu cewa idan wata rana an cire baƙuwar manhaja, an gyara kwanan wata, amma maɓallin ya ci gaba da ƙin kunnuwa, to wataƙila bairas ne ya canza setin na can ciki. Wannan ba wurin ɗalibi ba ne, sai a kira wanda ya sani.

'Yan uwa, tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, don haka ba za mu guje mata ba, kuma ba ma cewa ku ji tsoronta. Abin da muke roƙo shi ne, duk wanda ya zauna gabanta ya fara duba garkuwar nan. Idan saƙo ya fito a karanta, in Turancin ya yi wuya a tambaya. Idan kuma an yi ɓarna, a faɗa a ranar. Gyaran bai kai awa biyu ba, ɓoyewar ce ta ci mana kwana uku da barcinmu.

Hukuncinmu shi ne mako biyu ba za mu taɓa kwamfutar ba, shi ya sa kuke ganin wannan da rubutun hannu. A yi haƙuri da inda layi ya karkace. Muna ba Malam haƙuri, muna gode masa, Allah ya saka da alheri. Kuɗin ɗan batir ɗin kuma mun fara haɗawa daga kuɗin tararmu.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, da alƙalamin wakilinta na aji biyu.