Zamanin Kwanson Takarda

Yaran da suka taso yanzu, idan ka ce musu an yi zamanin da ake yin harsashin bindigar farauta da takarda, sai su ɗauka zolaya kake yi. Haka kuwa abin yake. Takarda ce mai kauri da aka naɗe ninki bisa ninki, aka shafe ta da kaki saboda laima, aka dasa ta cikin gindi na tagulla. Tun cikin shekarun 1870 Turawa ke yin irinsa, shi ne kuma ya riƙe kasuwa har 1960, lokacin da kamfanin Remington na Amurka ya fito da kwanson roba. A wajenmu takarda ta ƙara daɗewa, don abin da aka yi yayinsa a can yakan jima bai tsufa ba a nan.

A hannun kawuna na san ta. Ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Nguru, inda layin dogon da ya taso daga Kano ya tsaya. Yana da bindiga mai baki ɗaya, lamba 12, da takardar lasisinta da yake adanawa tare da takardun aikinsa. Shi ya fahimtar da ni lambar: in aka raba laba ɗaya ta darma aka yi dunƙule 12 daidai wa daida, kowane dunƙule shi ne faɗin bakin bindigar. Harsashin Eley na Ingila yake saye in ya shiga Kano, 25 a kwali, kuma kwali ɗaya ba ƙaramin giɓi yake yi wa albashi ba. Saboda haka ba ya yar da kwanso. Da ya harba, sai ya karya bindiga, ya zare shi da ɗuminsa ya jefa a burgame. Har yau ban manta ƙamshin nan ba, na kaki da ƙonanniyar takarda, wanda roba ba ta da shi.

Ranar ɗuri da hantsi yake zama a zaure, bai taɓa yi da dare ba. Ba fitila, ba garwashi, mai shan taba kuma daga waje zai yi sallama ya tsaya. Aikina shi ne tantancewa. In ɗaga kwanso ɗaya bayan ɗaya in duba shi a hasken rana, musamman inda takarda ta haɗu da tagulla, domin nan wuta ke fara ci, ta bar 'yan ƙofofi ƙanana. In na ga haske ya ratso, wannan ya gama aiki. Sai in matsa bakinsa da yatsa, in ya yi laushi ko ya fara tsagewa, shi ma a ware shi. Kwanson takarda ba ya jure ɗuri da yawa, kaɗan ne ke wuce 'yan zagaye.

Sauran aikin nasa ne shi kaɗai. Ya fitar da ɗan maɓallin gindi da ya riga ya ba da wuta ya sa sabo, ya auna albarushi, ya bi shi da ɗan faifan kwali da toshiya mai laushi, ya zuba ƙwayoyin darma, ya rufe da wani faifan, sannan ya murɗe bakin takardar ciki da wata 'yar na'ura mai hannun juyawa har ya kwanta sumul. A kan faifan sama yake rubuta girman ƙwayar, ƙanana na fakara da hasbiya, manya na dinya.

A wajen awo ne fuskarsa ke sauyawa. Ko gaisuwa ba ya amsawa sai ya gama. Wata rana na kai hannu ga ma'aunin, sai ya riƙe min wuyan hannu ya ce, "Ɗan nan, ajiye. Wannan ba a koyonsa da gwaji." Na ce, "Kawu, ai na ga yadda kake yi." Ya ce gani daban, sani daban, ya ba ni labarin wani maharbi da ya saba da bindigar toka, ya ɗauki awon baƙin albarushi ya yi wa na Turawa marar hayaƙi. Ƙarfinsu ba ɗaya ba ne ko kusa. Bindiga ta tsage, mutumin ya rasa yatsu.

Damina kuwa ita ce abokiyar gabar takarda. In ta sha laima sai ta kumbura ta ƙi shiga bindiga, ko ta shiga ta ƙi fita. Shi ya sa kawu yake ajiye harsasan a gwangwani mai murfi, nesa da ƙasa.

Abin da na fi riƙewa shi ne yadda wannan wahala ta gyara masa hannu. Mutumin da ya ɓata hantsinsa a kan 'yan harsasai ba ya harbin iska. Kawu kan yi doguwar tafiya cikin fadama ya dawo da harbi ɗaya ko biyu, wani lokaci ko ɗaya babu, in tazara ta yi yawa ko tsuntsu na kan ƙwai. Ban ce zamanin ba shi da aibi ba. Darmar da ke zuba a ruwa agwagi na haɗiye ta ta zame musu guba, abin da ya sa Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da ita a 1991. Amma kwanson da ya faɗi a daji, takardarsa kan ruɓe, na roba kuwa yana nan shekara da shekaru.

Fadamar ma ba yadda take ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, tsuntsaye suka bi ta. Masu wannan sana'a kuma saura ƙalilan. Duk mai tsohon maharbi a gida, ya samu lokaci ya zauna da shi, ya tambaye shi sunayen tsuntsaye da lokutan da ba a taɓa su, ya rubuta tun yana da rai.