Zoben Hajiya a cikin rairayi

Tun da farashin gwal ya haura dala 4,000 kowace oza a watan Oktoban 2025 nake ta ganin mata suna lissafin sarƙoƙinsu a nan Facebook. Ni kuwa wani dattijo nake tunawa.

Shekarun baya ofishinmu ya tura mu kwas Ingila. Ranar wata Asabar muka je bakin teku a Bournemouth, na tsuguna na sa hannu a ruwa don dai in ce na taɓa teku. Sai da muka tashi tafiya na ga yatsana wayam. Zoben gwal ɗin marigayiya Hajiyarmu ne, shi kaɗai na ɗauka a rabon gado. Ashe ruwan sanyi yana sa yatsa ya tsuke, zobe ya sulluɓe ba ka sani ba.

Jama'a, na tona rairayi da hannu har farcena ya karye. Ina cikin kuka wata mata ta nuna min wani tsoho can gefe, riƙe da sanda mai faifai a ƙasa, da abin sauraro a kunne. Na'urar gano ƙarfe ce. Faifan nan waya ce a naɗe a ciki, tana aika maganaɗisu cikin ƙasa, in ya ci karo da ƙarfe sai ta yi ƙara.

Ya tambaye ni inda na tsaya da kuma lokacin. Ya ce mu jira ruwa ya janye. Sannan ya shata wurin, ya dinga bi layi-layi kamar mai shuka. Ya gaya min matsalar gwal ita ce ƙararsa kusan ɗaya da ta marfin gwangwanin lemo, don haka mai neman gwal dole ya haƙo kowace shara. Ya haƙo marafai, kwabbai, har da makulli. Wajen awa biyu, sai ga zoben a cikin matsamin rairayinsa.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne wannan. Abin sauraron a kunnensa yake, ni ba na jin komai. Da ya ga dama sai ya wuce wurin, ya ce bai samu ba, ya dawo da asuba ya ɗauke. Baƙuwa ce ni, saura kwana biyar in bar ƙasar. Tsuntsu daga sama gasasshe. Na miƙa masa kuɗi, ya ƙi karɓa.

Na san dokarsu ta 1968 tana iya ɗaukar riƙe tsintuwa a matsayin sata in akwai hanyar gano mai ita. Mu ma an koya mana cigiyar tsintuwa har shekara guda. Amma a wurin nan babu ɗan sanda, babu shaida.

Shekarata goma sha takwas a aikin gwamnati. Fayil nawa ne ya biyo ta teburina, na fansho, na ƙarin girma, wanda ni kaɗai na san inda ya maƙale, mai shi yana tsaye bai ji komai ba? Ba zan ce kullum na yi abin da dattijon nan ya yi ba. Wani lokacin gajiya ce, wani lokacin "dawo gobe" ta fi sauƙi.

Zoben yana hannuna yanzu da nake rubutun nan. Ranar Litinin akwai fayil uku da zan fara dubawa.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya ba mu ikon riƙe amana.