Daren da Firintar Gidanmu Ta Ƙi Jin Kira



Mu tagwaye ne, muna aji biyu na ƙaramar sakandare. A gidanmu ba a cewa wane ya yi kaza, sai dai a ce 'yan biyu sun yi. Idan yabo ne tare muke samu, idan bulala ce ma tare muke sha. Shi ya sa wannan labarin ma da bakin mu biyu za ku ji shi, ko da yake hannu ɗaya ne ya rubuta.

Muna da firinta a gida. Ta hannu ce, Baba ya sayo ta a Titin Beirut saboda Umma, wadda take koyarwa a firamare, ta riƙa buga tambayoyin jarrabawa ba sai ta je kafe ba. Tana buga takarda, tana kuma yin fotokwafi. Abin da ya fi burge mu da ita shi ne ba ta buƙatar igiya. Kana zaune a tsakar gida ka danna waya, sai ka ji ta daga falo tana gurnani tana fito da takarda. Ta waifai take karɓar saƙo, daga wata 'yar rauta da take saman kabad.

Ranar wata Juma'a a watan Afrilu, ana tsananin zafi, Yayarmu tana shirin rubuta jarrabawar JAMB washegari. Duk wanda yake da yaya a ajin ƙarshe ya san takardar nan da ake bugowa, mai ɗauke da hoton ɗalibi da lambarsa da sunan cibiya da rana da lokaci. Ta Yaya ta nuna 6:30 na safe, cibiyar kuma tana can bayan gari. Tun ranar Talata ta buga abinta a firintar gida, ta adana a cikin littafi. Bayan Magariba sai Autanmu ya kifar da kofin zoɓo a kan littafin. Tawadar firintarmu ba ta shiri da ruwa. Fuskar Yaya ta koma jajir, lambar kuma ta narke, ba a iya karanta ko rabinta.

Umma ta ce, "Ke ba abin kuka ba ne, sake bugawa."

Yaya ta buɗe takardar a wayarta ta danna. Shiru. Ta sake dannawa, waya ta ce ba ta samu firinta ba. Ta yi ta dannawa har muka daina ƙirgawa. Lokacin an idar da Isha'i, mai kafe na unguwarmu ya rufe, kuma ba ya buɗewa sai takwas na safe.

Baba ya shigo daga masallaci, ya ji abin da ake ciki, ya ɗaga murya: "'Yan biyu! Me kuka yi wa na'urar nan?"

Muka ce wallahi ba mu taɓa ta ba. Kuma gaskiya muka faɗa, rabonmu da ita ya fi mako.

Ya ce, "To, tunda kullum kuna cika mana baki da darasin kwamfuta, ga fili ga mai doki."

Nan kowa ya zama injiniya. Umma ta ce tawada ce ta ƙare. Baba ya ce zafi ne ya taɓa ta. Yaya ta ɗan bubbuga gefenta kamar yadda ake yi wa tsohuwar rediyo. Kakarmu tana kan tabarma da carbi, ta ce, "Mazan nawa, abin da ba a ɗaure ba ai dole ya ɓace. Ku ɗaura mata igiya mana." Aka yi dariya, ban da Yaya.

Sai muka tuna maganar malaminmu na kwamfuta. Yakan ce idan na'ura ta ƙi aiki, abu ɗaya ake gwadawa a duba, sannan a wuce na gaba. Idan ka taɓa abu uku a tare, ko ta gyaru ba ka san wanne ne ya gyara ta ba, idan kuma ta ƙara lalacewa ba ka san wanne ne ya ɓata ba.

Da farko muka kashe rauta da firinta, muka jira kamar minti ɗaya, muka kunna rauta, da fitilunta suka daidaita muka kunna firinta. Yaya ta gwada, babu labari. Na biyu, muka ɗora shafin littafin Umma muka danna fotokwafi. Takarda ta fito fes. Wannan ya nuna mana akwai tawada, akwai takarda, kuma cikin firintar lafiya lau yake. Ke nan matsalar tana kan hanyar da saƙo yake bi daga waya zuwa wurinta.

Sai muka lura da 'yar fitilar nan shuɗiya ta waifai. Kullum a tsaye take, amma ranar sai ƙyaftawa take yi. Muka shiga ɗan allon firintar, muka sa ta buga rahoton haɗinta. Da Turanci ya fito, layuka da yawa, amma biyu muka gane. Ɗaya ya ce ba ta haɗu da rauta ba. Ɗayan kuma, wurin adireshinta, an rubuta 0.0.0.0. Kowace na'ura da ta hau rauta ana ba ta lamba, kamar lambar gida a layi, don saƙo ya san inda zai sauka. A gidanmu lambobin da 192.168 suke farawa. Firintarmu ba ta da lamba ko ɗaya.

A nan ne ɗayanmu ya raɗa wa ɗaya tambayar da ta tsinka mana ciki: ranar Talata ta yi aiki, yau Juma'a ta ƙi, to me ya canja a tsakani? Muka kalli juna. Mun san abin da ya canja, domin mu muka canja shi.

Ga yadda aka yi. A lokacin hutu mun ba wani abokinmu kalmar sirrin waifai ɗin gidanmu, ya yi alkawarin ba zai gaya wa kowa ba. Kafin a koma makaranta, kullum da yamma sai ka ga yara biyar ko shida a dakalin ƙofar gidanmu, kowa ya sunkuya a kan waya. Datar da Baba yake saya ta wata guda ta koma ƙarewa a kwana goma sha biyu. Ya fara faɗa yana cewa zai bincika. Tsoro ya kama mu. Ranar Laraba, da ya fita, muka juya rauta, muka karanta bayanan shiga da suke manne a ƙasanta, muka shiga shafinta muka canja kalmar sirri. Da dare muka karɓi wayar Baba da ta Umma da sunan za mu sa musu caji, muka shigar da sabuwar. Muka kwanta muna ganin mun yi dabara. Ko kaɗan ba mu tuna cewa firinta ma da kalmar sirri take shiga ba. Kwana biyu ke nan tana ƙwanƙwasa ƙofa da tsohon mabuɗi, rauta tana korar ta.

Ba za mu yi muku ƙarya ba, mun fara tunanin mu shigar da sabuwar kalmar a ɓoye, a ce 'yan biyu sun gyara, a yi mana tafi. Amma Baba yana tsaye a kanmu, kuma shi ya zaɓi tsohuwar kalmar, zai gane idan muka rubuta wata daban. Muna cikin wannan sai muka ji Yaya ta ce wa Umma a hankali, "Shi ke nan, shekara guda ta tafi." Watanni ta yi tana tashi da asuba tana karatu. Muka ji kunya ta rufe mu.

Muka durƙusa muka ce, "Baba, ka yi haƙuri, laifinmu ne." Muka faɗi komai, tun daga abokin har zuwa ranar Laraba. Falon ya yi tsit. Baba ya daɗe yana kallonmu, sannan ya ce, "Za mu yi magana. Yanzu ku gyara."

Shigar da kalmar ma wani aiki ne. Allon firintar bai fi akwatin ashana ba, harafi ɗaya-ɗaya ake zaɓa da kibiyoyi. Mu kuma don iya yi mun haɗa kalma mai tsawo, da manyan haruffa da ƙanana da lambobi. Karon farko ta ƙi, domin mun sa ƙaramin harafi inda babba yake, kuma waifai ba ya ɗaukar su a matsayin abu ɗaya. Karo na biyu muka sa harafin O a wurin sifiri. A na uku ɗaya yana karantowa, ɗaya yana dannawa. Fitila shuɗiya ta daina ƙyaftawa, ta tsaya cak. Muka sake buga rahoto, adireshi ya fito 192.168.0.104.

Muka ce, "Yaya, danna!" Ta danna. Waya ta ce ba ta samu firinta ba.

Lokacin goma ta wuce. Gumi ya jiƙe mana riguna, kuma ba na zafin gari kaɗai ba ne. Baba ya gyara tsayuwa bai ce komai ba. Muka koma kan tambaya ɗaya-ɗaya. Firinta ta hau rauta, mun gani a rubuce. To ita wayar fa? Muka karɓa muka duba saman allonta. Babu alamar waifai, datar layinta take amfani da ita. Ashe ranar Laraba Yaya tana wajen lesin, ba mu sa mata sabuwar kalmar ba. Ita kuma da ta ga waifai ya daina shiga, ta ɗauka datar gida ce ta sake ƙarewa. Don kada ta ɗaga wa Baba hankali, sai ta riƙa sayen data da kuɗin motarta, tana takawa da ƙafa daga lesin. Wannan ya fi komai yi mana ciwo a daren.

Waya da firinta sai suna kan rauta ɗaya suke ganin juna. Muka sa mata kalmar, nan take sunan firinta ya bayyana. Sai gurnani! Takarda ta fito, hoton Yaya da lambarta tas. Kafin mu gama murna wata ta biyo baya, sai wata, sai wata. Duk dannawar da ta yi tun farko ashe suna layi suna jira. Kafin mu tsayar da ita ta buga guda bakwai. Kaka ta ce a ba ta ɗaya, ita ma gobe za ta je ta rubuta. A nan ne Yaya ta yi dariya. Ta sa biyu a leda, ta ba Baba ɗaya ya sa a aljihu. Ba a yi minti goma ba aka ɗauke wuta.

Ranar Litinin muka kai wa malamin kwamfuta labarin. Ya yi dariya, sannan ya ƙara mana abubuwan da muke so mu raba da ku.

Mun tambaye shi me ya sa waya take nuna sunan rautarmu sau biyu, ɗaya da 5G a ƙarshe, amma firinta ɗaya kawai ta gani. Ya ce rauta irin tamu tana watsa saƙo ta zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Na 5 ya fi sauri amma ba ya nisa, na 2.4 ya fi ratsa bango. Firintoci da yawa, musamman tsofaffi da masu araha, na 2.4 kaɗai suke ji. Kuma wannan 5G ɗin ba shi ne 5G na layukan waya ba, suna ne ya zo ɗaya. Don haka idan an sayi sabuwar rauta firinta ta kasa ganin ta, a duba ko zangon 2.4 a kunne yake.

Ya ce da mun duba bayan rauta, wataƙila da mun ga maɓalli mai suna WPS. Idan firinta ma tana da shi, ana danna na ɗaya, a danna na ɗayar cikin minti biyu, su haɗu ba tare da an rubuta kalmar sirri ba. Akwai kuma Wi-Fi Direct, inda waya take haɗuwa da firinta kai tsaye ko babu rauta. Ya kuma ja kunnenmu cewa idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita, rauta tana iya ba firinta sabuwar lamba, kwamfuta kuma ta ci gaba da neman tsohuwa. Idan haka ta faru, a cire firintar daga kwamfuta a sake ƙara ta.

Da muka gaya masa maganar Kaka, sai ya ce ai ita ta fi mu gaskiya. Da igiyar USB da kwamfuta, da tun tara mun gama. Da muka koma gida muka nemo igiyar, muka same ta a kwalin da firintar ta zo a ciki, ko warware ta ba a taɓa yi ba. Yanzu tana rataye a ƙusa kusa da kabad. Kaka har yau tana yi mana gori.

Maganar da Baba ya ce za mu yi, mun yi ta ranar Asabar bayan ya dawo daga kai Yaya. Bai dake mu ba. Ya ce canja kalmar sirri ba laifi ba ne, shi ma abin da zai yi ke nan. Ɓoyewar ce ta sa 'yar uwarmu tafiyar ƙasa a rana, ta kuma kusa jawo mata asarar shekara. Ya hana mu taɓa waya mako biyu, kuma daga kuɗin tararmu muke biyan Yaya abin da ta kashe. Sannan ya sa muka rubuta sunan duk abin da yake hawa rautar gidan a takarda muka manna a ƙofar kabad: wayar Baba, wayar Umma, wayar Yaya, kwamfuta, firinta. Duk ranar da za a canja kalmar, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

'Yan uwa, idan na'ura ta ƙi aiki a gidanku, kafin a buga mata hannu ko a ce ta mutu, ku tambayi yaushe ta yi aiki na ƙarshe, kuma me ya canja daga lokacin. Idan amsar ta biyo ta kanku, ku faɗa da wuri. Kuma duk takardar da za a nema da asuba, a buga biyu, a ajiye nesa da Auta.

Yaya ta isa cibiya a kan lokaci, ta rubuta jarrabawarta lafiya. Muna roƙon malamai da ɗalibai ku taya mu addu'a, Allah ya ba ta gurbin karatun da take nema, amin.

Daga ɗan kulob ɗin 'yan jarida, aji biyu, a madadin 'yan biyu.