Ranar da Baba Ya Hana Auta Zama Malami

Mahaifina ya yi shekara 35 yana riƙe da alli. Mafi yawan shekarun nan a Yankara ya yi su da ƙauyukan da ke kewaye da ita, a ƙaramar hukumar Faskari, can inda titin Funtuwa zuwa Gusau yake gab da barin jihar Katsina ya faɗa Zamfara. Har yau idan ya fita masallaci, za ka ga magidanta masu furfura suna rusunawa suna gaishe shi, shi kuma yana kiran kowannensu da sunansa na rajista, har da sunan uba. Shi ya sa ban taɓa zaton daga bakinsa zan ji abin da na ji a hutun Babbar Sallah ba.

Muna zaune a zaure bayan la'asar, autanmu da ya gama sakandare ya shigo ya durƙusa. Ya ce yana son ya nemi Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, ya karanci lissafi, ya dawo ya koyar. Na ɗauka Baba zai yi murna an sami magaji. Sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Auta, in dai yawuna kake nema, nemi wani abin. Ni na yi muku wannan aikin, ya isa haka."

Na koma Kano da wannan magana a raina. Mutumin da ya faɗe ta ba ya ƙin koyarwa. Har yanzu yaran maƙwabta suna kawo masa aikin gida da daddare, yana duba musu da fitila ba tare da ya karɓi ko sisi ba. Abin da ya ƙi shi ne ya ga ɗansa a matsayin da malamin makaranta yake a yau. Na so in fahimci yadda aka yi sana'ar da ta ɗaukaka gidanmu ta zama abin da uba yake kare ɗansa daga gare shi.

Sai na waiwaya baya. Makarantar boko mafi daraja da aka fara kafawa a Arewa, wato Kwalejin Katsina, an kafa ta ne a 1921 domin horar da malamai, Gwamna Hugh Clifford kuma ya buɗe ta a hukumance a 1922. Ita ce daga baya ta koma Kaduna, sannan Zariya, ta zama Barewa. Yaro ba ya shigarta sai an tace shi daga cikin fitattun lardinsa. Ahmadu Bello ya fito daga cikinta ya koyar a Midil ta Sakkwato. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito ya koyar a Midil ta Bauchi har ya zama hedimasta. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauchi da Maru, kuma shi ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa kafin ya tsunduma siyasa. Shehu Shagari malamin makaranta ne a Sakkwato da Argungu. Ko mu 'yan jarida, kakanmu a wannan sana'a, Abubakar Imam, daga ajin Midil ta Katsina aka ɗauko shi kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A wancan zamani, idan kana neman wanda ya fi kowa ilimin zamani a gari, ƙofar aji za ka nufa.

Baba ya shigo ne a ƙarshen wannan zamani. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE. Yara suka kwararo makarantu fiye da yadda aka yi lissafi, aka shiga neman malamai ruwa a jallo. Aka buɗe kwalejojin horar da malamai masu ba da takardar Grade II, ana ciyar da ɗalibi, ana ba shi ɗan alawus, kuma aiki yana jiransa ranar da ya gama. Baba yana cikin waɗanda suka bi wannan hanya. Ya sha ba mu labarin albashinsa na farkon shekaru, yadda ya sayi keke da rediyo, ya yi wa Kaka rufin kwano. Shi ke karanta wa mutane wasiƙun 'ya'yansu da ke ci-rani a Legas da Ibadan, shi ke rubuta musu amsa. Idan baƙon gwamnati ya zo gari, Mai Gari shi yake aikawa a kira. Da ya tashi neman aure, ba a yi dogon bincike ba. An ce malamin makaranta ne, magana ta ƙare.

Da na dubi labarinsa da kyau, sai na ga darajar nan ba daga wa'azi ko kirari ta zo ba. Abubuwa uku ne suka riƙe ta: ba kowa ke samun shiga aikin ba, albashinsa yana riƙe gida kuma yana zuwa a kan lokaci, sannan wanda ya shiga yana da inda zai kai. A cikin shekarun aikin Baba, ɗaya bayan ɗaya suka zube.

Albashi ne ya fara. Da kuɗin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, sai bashin albashin malaman firamare ya zama ruwan dare a jihohi da yawa, daga baya tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya cinye darajar naira. An yi ta jefa alhakin biyan malaman firamare tsakanin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma: an kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1988, aka rushe ta a 1991, aka sake dawo da ita a 1993. Ni ban san waɗannan shekaru a lokacin ba. Abin da na sani shi ne littafin bashi na mai shagon unguwarmu, da yadda ake aike na in karɓo sabulu da man gyaɗa in ce a rubuta wa Malam. Na tuna ranar da mai shagon ya ce min, a gaban mutane, in gaya wa Baba shafinsa ya cika. Mutumin nan Baba ne ya koya masa haɗa lambobin da yake rubuta bashin da su. A ƙaramin gari babu sirri. Daga ranar da aka san malami ba ya iya biyan bashin sabulu, gaisuwa tana nan yadda take, amma shawararsa ta rage nauyi.

Sai kuma ƙofar shiga. An daina Grade II, aka mayar da NCE mafi ƙarancin takardar koyarwa, a 1993 kuma aka yi dokar kafa hukumar rajistar malamai ta TRCN domin koyarwa ta zama sana'a mai lasisi kamar likitanci da lauyanci. A takarda, ci gaba ne. Amma dubi abin da hukumar JAMB take gaya wa yara duk shekara. A 2024, mafi ƙarancin makin shiga jami'a 140 ne cikin 400, na kwalejin ilimi kuwa 100. Yaro ɗan shekara 17 ba ya bukatar a fassara masa wannan. Ya gane cewa kwalejin ilimi wurin wanda jami'a ta ƙi ne. Ƙasar Finland, wadda ake yawan buga misali da makarantunta, tana bukatar digiri na biyu kafin mutum ya koyar a firamare, kuma masu neman gurbin sun ninka guraben da ake da su sau da yawa. Mu kuwa mun bar ƙofar a buɗe, muka ƙara da ɗaukar aiki ta hanyar takardar ɗan siyasa. Sakamakon ya fito fili a jihar Kaduna a 2017, lokacin da malaman firamare fiye da 21,000 cikin kimanin 33,000 suka kasa cin jarrabawar gwaji da gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta shirya. An yi ta gardama a kan adalcin jarrabawar da korar da ta biyo baya. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne wa ya horar da su, wa ya ba su takarda, wa ya ɗauke su aiki.

Na uku, hanyar gaba ta toshe. Ilimin boko ya yaɗu, wanda alheri ne, amma malami ya daina zama shi kaɗai mai karatu a gari. Wasiƙar da Baba yake karantawa ta koma saƙon murya a WhatsApp. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya koyar da ilimin sinadarai kafin ya zama gwamnan Katsina sannan shugaban ƙasa, yana cikin na ƙarshe-ƙarshen da suka taso daga aji zuwa ƙololuwar mulki. Yau matashin da ya karɓi aikin koyarwa yakan ce yana yi ne kafin Allah ya kawo aiki. Shirye-shirye irin su N-Power, da aka fara a 2016 ana tura matasa makarantu a kan naira 30,000 a wata, sun ƙara tabbatar wa jama'a cewa aji wurin jira ne.

A yankinmu akwai abu na huɗu da Baba bai taɓa lissafawa da shi ba lokacin da ya fara aiki, wato tsoro. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara suka kwashe ɗalibai fiye da 300, ba a sako su ba sai bayan kwana shida. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, cikinsu har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Malamin da aka tura ƙauyen da ke bakin daji a wannan yanki yana hawa babur da safe bai san abin da zai tarar a hanya ba. Ana yi masa kallon ma'aikacin gwamnati mai albashi, alhali kuwa in aka ɗauke shi, sai dangi sun sayar da gona kafin a haɗa kuɗin fansa. Na san malaman da suka kwashe iyalansu zuwa Funtuwa, suna zuwa aiki ranar da hanya ta yi kyau. Ba na iya ganin laifinsu. Amma yaran ƙauyen da suka fi kowa bukatar malami su ne suke kwana biyu ba su gan shi ba, kuma daga cikin irin waɗannan yara ne daji yake samun sababbin hannaye.

Ba a ce ba a yi komai ba. A ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoba 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawarin tsarin albashi na musamman ga malamai da ƙarin shekarun aiki. Ƙarin shekarun ya zama doka a 2022: ritaya a shekara 65 da haihuwa ko 40 da fara aiki. Albashin na musamman kuwa malaman firamaren da na sani har yau labarinsa suke ji. A 2023 gwamnatin Dikko Raɗɗa ta ɗauki malamai fiye da 7,000 bayan jarrabawar tantancewa, kuma wannan mataki ne a kan hanyar da ta dace, domin ya taɓa ƙofar shiga. Sai dai tantancewa tana zaɓa ne daga cikin waɗanda suka zo. Tambayar ita ce me zai sa yaron da ya fi kowa lissafi a ajinsa ya zo tun farko.

A nan dole in faɗi nawa laifin. Lokacin da na gama sakandare, Baba bai hana ni koyarwa ba, ni ne ban ko kalle ta ba. Na karanci aikin jarida domin in tsere wa littafin mai shago. Tun da na fara aiki, kusan duk 5 ga Oktoba sai na rubuta ko na gyara rahoton da ke cewa malamai su ne ginshiƙin al'umma. Muna kiran kowane baƙo "Malam" don girmamawa, muna cewa ladan malami yana lahira, muna jin mun sauke nauyi. Amma da ƙanwar matata ta kawo manemi malamin firamare, ina cikin waɗanda suka tambaya, a hankali, ko yana da wata sana'ar bayan wannan. Darajar sana'a ba a jawabin biki ake auna ta ba. Ana auna ta ne a wurin neman aure, da wurin mai ba da bashi, da ranar da ɗanka mai ƙwazo ya ce ita yake so.

Idan da gaske muke, abin da ake bukata ba ɓoyayye ba ne. A ɗaga makin shiga kwalejin ilimi, amma a haɗa shi da tallafin karatu da tabbacin aiki, irin yarjejeniyar da ta jawo su Baba a 1976, domin ɗaga maki kaɗai zai bar azuzuwa ba kowa. A biya albashi da ƙarin girma da giratuti a kan lokaci, don tsohon malami ya daina yawo da fayil daga ofis zuwa ofis. A ware alawus na musamman mai kauri ga wanda ya yarda ya koyar a ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, a kuma fifita 'yan asalin wurin, waɗanda ba za su gudu ba don can ne gidansu. Duk wannan kuɗi ne, kuma jihohi za su ce babu. Amma muna ganin abin da ake kashewa a kan tsaro a yankin da aka bar makarantunsa suka lalace.

Auta bai janye ba. Bayan mako biyu ya sake samun Baba, wannan karon da rakiyar Inna. Ya ce shi dai a duk abin da ya gani a rayuwarsa, babu abin da ya burge shi kamar ranar da wani yaron maƙwabta ya gane rabawa a hannunsa. Baba ya saurare shi har ya gama. Inna ce ta ba ni labarin amsar a waya. Ya ce, "To, Allah ya yi maka albarka, je ka nema. Amma gonar bakin rafi taka ce daga bana, kuma kada ka sake ta. Ita za ta ciyar da kai, koyarwar kuma ka yi ta don Allah."

Na yi murna da ya amince. Amma na daɗe ina juya sharaɗin. Mutumin da ya ba aikin nan shekara 35 ya yanke hukunci cewa ba zai iya riƙe ɗansa ba sai da fartanya a gefe. Auta ya cike fom. Idan ya gama, za a sami malamin lissafi guda a Yankara wanda ya zo da son ransa. Ko zai kai shekara biyar a aji kafin ya bi sahunmu zuwa birni, wannan ba a hannunsa kaɗai yake ba.